Tambayoyin da iyaye ke ta yi min kan ƙaramar sakandaren gwamnati

Ni malami ne a wata ƙaramar sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo nan ƙasar Argungu a jihar Kebbi, kuma duk ƙarshen zango tambayoyin nan dai ake jero min, a bakin get, a ƙofar masallaci, har wurin zaman gaisuwa ba a bari na ba. To ga amsa na rubuta gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Malam na nawa yarona ya zo?

Yana cikin katin sakamako, ka buɗe ka duba. Kuma dan Allah ku rage wagga tambaya. Yaro yana iya zuwa na 5 a ajin da mafi yawa ba su iya haɗa baƙi ba. Ka dubi makin Lissafi da na Turanci, sannan ka dubi gurbin da anka rubuta kwana nawa ya zo makaranta, shi ne gurbin da ba wanda ke kallo.

Ana biyan kuɗin makaranta?

A'a. Dokar UBE, wato ta ilimin bai-ɗaya na matakin farko, ta 2004 ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare. Amma yunifom da littafin rubutu da biro da abin kalaci naka ne Alhaji, kar ka turo yaro hannu rabbana ka ce ai kyauta ne.

Yara nawa ne a aji ɗaya?

Na rajista kake tambaya ko na cikin aji? Don ba ɗaya ba ne. Tsarin ilimi na ƙasa bai yarda malami ɗaya ya riƙe yara sama da 40 ba, mu kuwa aji ɗaya na JSS1, wato shekarar farko ta ƙaramar sakandare, sai ya ninka haka a rajista, na gaba su samu benci, na baya a ƙasa, wasu a kan taga littafi bisa gwiwa. Amma ka zo ranar kasuwa ka gani. Ko lokacin dashen shinkafa, ko lokacin da ta fara nuna ana korar tsuntsaye a fadama, aji sai ya koma kamar an yi hutu, kuma tun da noman rani ya kankama a jihar nan abin ya zama sau biyu a shekara. Shekarar da ruwa ya yi ɓarna irin ta 2020 kuwa yaran ƙauyukan bakin gulbi sai dai a ji labarinsu. Tes ɗin da muke yi a tsakiyar zango yana da nasa maki da ake haɗawa da na jarabawa, yaron da ke gona ranar tes ya riga ya zubar da wanga kaso tun kafin a shiga jarabawa, sai uban ya zo yana cewa malamai sun tsani ɗansa.

Wai gaskiya ne 'ya'yan wata ƙabila sun fi ƙoƙari?

Haba jama'a. Kebbi ce fa, masarauta 4 gare mu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, a aji ɗaya za ka samu Bakabe da Bafulatani da Bazabarme da ɗan ma'aikaci Badakkare da anka yi wa ubansa canjin wurin aiki. Abin da na gani da idona shi ne wanda ke zuwa kullum kuma akwai mai duba littafinsa a gida shi ke gaba, ko ɗan waye. Ku bar faɗin wagga magana gaban yara, suna ji kuma suna ɗauka.

Mene ne BECE?

Jarabawar ƙarshen JSS3, da ita ake wucewa babbar sakandare. Akwai ta jiha, akwai ta NECO, hukumar jarabawa ta ƙasa. Ka tambayi firinsifal wacce makarantarku ke yi.

Yarona ya gama JSS1 amma bai iya karatu ba, ya maimaita aji ko ya wuce?

To wannan ita ce tambaya, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa daidai, sai ka yi haƙuri ka bi ni a hankali. Da farko ka tabbatar bai iya ɗin ba, kuma kar ka yarda da littafin rubutunsa, don akwai yaran da ke kwafe allo tsaf da rubutu mai kyau har da ja layi da rula, ka ce karanta min abin da ka rubuta sai ya yi shiru yana kallon ƙasa, zanen haruffa kawai ya iya. Ka ba shi wani abu da Hausar boko wanda bai taɓa gani ba. In ya karanta Hausa amma Turanci ya gagara, da sauƙi, ni zan ce ya wuce a sama masa mai yi masa lasin, domin duk littattafanmu na kimiyya da lissafi da Turanci suke, kuma da yawa daga firamare da Hausa anka koyar da su, girgizar shekarar farko ce kawai. In ko Hausar ma bai haɗawa, to nan ne zan fi karkata ga maimaitawa, amma shi ma da sharaɗi.

Sharaɗin shi ne me zai canza a shekarar da zai maimaita. In zai koma aji guda ne, ya zauna baya a ƙasa, a ci gaba da ɗauke shi zuwa gona, wallahi ɓata masa shekara kawai kunka yi, don a JSS ba wanda ke da darasin koyar da a ba ca da, an ɗauka ya zo da abinsa. Sannan ka dubi shekarunsa. Ɗan shekara 11 ko 12 zai jure, amma wanda ya fara gemu ka zaunar da shi cikin ƙannensa, sau da yawa kunya ke korar shi ya koma kabu-kabu. In kuma ɗiya mace ce sai na ƙara taka-tsantsan, don na sha ganin maimaita aji ya zama hujjar da dangi ke cewa ai boko ba nata ba ne a yi mata aure, a irin haka gara ta wuce a bi ta da lasin. Ka kuma duba ido da kunne, wani yaron allon ne baya gani daga baya kuma ba zai faɗa ba. Ka tambayi malaminsa na Islamiyya, in yana biya karatu can yana riƙewa to kansa lafiya lau, tushe ne bai samu ba, kar ka kira shi daƙiƙi.

Wani abu kuma, ba lallai makaranta ta tsayar da shi da kanta ba, don sababbin ɗauka na tafe ana neman wuri, sau da yawa tura kowa gaba ake. Kai za ka je ka samu fom masta ku zauna, kuma a JSS1 ya kamata a yi wagga magana, in ka bari sai JSS3 lokaci ya ƙure. Ko wanne kunka zaɓa, dogon hutun nan kar ya tafi a banza, awa ɗaya kullum a fara da karatun Hausa, in ya kama sai a hau Turanci.

Ina 'yan matan ke tafiya kafin JSS3?

Ku za ku faɗa min, ai daga gidajenku suke zuwa. A JSS1 layinsu cike, kuma sau da yawa su ke riƙe da saman aji, kafin JSS3 an zare su ɗaya bayan ɗaya, talla, aure, nisan hanya. Tsoro ma na sani akwai, tun sace ɗaliban da anka yi a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ba uban da zuciyarsa ta kwanta sarai, kuma ban ga laifin kowa a nan ba. Amma tamu ta jeka-ka-dawo ce, da azahar tana gida. Kebbi na cikin jihohin farko da shirin AGILE na tallafin karatun 'yan mata ya shiga, ka tambaya ko makarantarku na ciki. Hajiya ki bar ta ta kai ko BECE ne.

In mayar da shi makarantar kuɗi?

In kana da hali kuma ka shiga ajin da ƙafarka ka gani. Wasu na da kyau, wasu shago ne da yunifom. Ka tambaya ko malaman na da NCE, wato takardar shaidar malanta.

Malam ba za ka ɗan ƙara masa maki ba?

A'a. Ka turo min shi Litinin da littafinsa da biro, ƙarfe 7 da rabi.