Masu get ɗin rimot, don Allah ku daina cire masa ido

Jama'a barkanmu da sanyi. Ni aikina duba marasa lafiya ne a wani ƙaramin asibiti nan Gombe, ba ruwana da walda ko wayarin, amma dole na tsoma baki a maganar idon get, wato na'urar da ke tsayar da shi in wani abu ya gifta. Kwanakin baya aka kawo mana yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba, get ɗin gidansu ya matse mata ƙafa a jikin ginshiƙi, babanta na cikin mota ya danna rimot ya juya yana amsa waya. Allah ya taƙaita, abin ya tsaya a karaya. Na ce masa Alhaji get ɗin ba shi da ido ne? Ya ce akwai, amma tun bara yake ba su wahala, a danna ya ƙi rufuwa, sai mai gyara ya haɗe wayar idon wai a huta.

Idanun nan biyu da ke kallon juna a gefen get ko ƙofar gareji, wani haske ne da ba ma gani yake tafiya tsakaninsu, duk abin da ya gifta sai injin ya tsaya ya koma baya. Kuma yawanci ba lalacewa suke yi ba fa, ƙurar hunturu ce ta rufe gilashin, ko saƙar gizo-gizo, ko yara sun doka ƙwallo ɗaya ya karkace. Busasshen tsumma za ka sa ka goge, ka daidaita su su fuskanci juna, shikenan. A Amurka tun 1993 doka ta tilasta sa irin wannan kariya a injin ƙofar gareji saboda yaran da ta riƙa dannewa, mu kuma muna biyan kuɗi a cire mana.

Mai ƙofar gareji da ke saukowa daga sama, idon kada ya wuce inci 6 daga ƙasa. Duk wata ka kwantar da katako tu-bai-fo (mai inci biyu da huɗu) a inda take sauka ka danna, tana taɓa shi ya kamata ta koma sama. In ta ci gaba da turawa, an ƙara wa injin ƙarfi fiye da kima, a rage.

Wannan ƙarin ƙarfin ma yana ba ni haushi. Get ya fara cijewa saboda yashi da tsakuwa sun cika layin da tayoyinsa ke bi, maimakon a ɗauki tsintsiya sai a murɗa inji. Ku share layin, kuma kar a zuba masa baƙin mai, yashi yake kamawa ya zama taɓo. A duba ƙarfen da ke tare get a ƙarshen layi, in waldarsa ta saki get na iya zarcewa ya faɗo kan mutum.

Sifirin na saman ƙofar gareji kuwa kar ka kusance shi da sifana, a ɗaure yake tamau, kira wanda ya iya.

Sannan kowa a gida har uwargida da maigadi su san inda makullin sakin inji yake, don in an ɗauke wuta batir ya mutu ga mai naƙuda cikin dare, a iya turawa da hannu. Rimot kuma a rataye shi sama, wasu ɗan batirin nan mai kama da kwabo ne a ciki, yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu, in hakan ta faru a garzayo asibiti, kar a sa shi amai.