Waiwaye: Asalin gajeren jifa a zari-rugar Amurka

Masu kallon zari-ruga irin ta Amurka ba su daina ja-in-ja ba. Dattawa na ƙorafin wasan ya koma jefe-jefe, an bar ture da bangaza da aka san shi da su, matasa kuwa na cewa yanzu ne ma ya yi armashi. Wasu har sun ɗauka da zuwan Patrick Mahomes, shahararren mai jifan ƙungiyar Kansas City Chiefs, abin ya soma.

Amma tun 1906 doka ta yarda a jefa ƙwallo gaba, kuma masu horarwa irin su LaVell Edwards na jami'ar Brigham Young da Bill Walsh na ƙungiyar San Francisco 49ers sun yi suna da gajeren jifa a shekarun 1970 da 1980.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne wata 'yar kwaleji mai suna Iowa Wesleyan a garin Mount Pleasant na jihar Iowa. A 1988 ƙungiyarta ta buga wasa 10, ta sha kashi a duka. A 1989 aka ɗauko mai horarwa Hal Mumme daga wata sakandare a Texas, shi kuma ya jawo Mike Leach, wanda shari'a ya karanta, bai ma taɓa buga wasan a jami'a ba. Ƙartin 'yan wasa manyan makarantu sun kwashe su, Mumme kuma ba shi da abin jawo su. Da babu ƙarfin ture, sai aka koma dabara. Ya ware masu tare gaba nesa da juna, ya baza masu cafe ƙwallo har bakin fili, mai jifa kuma ya saki ƙwallo maza-maza kafin a cim masa. Dabarun 'yan kaɗan ne, amma kullum su ake maimaitawa har suka zauna a jikin yaran. A 1991 suka ci wasa 10 cikin 12. A ganina rashi ne ya haifi wannan salo da aka raɗa wa Air Raid, wato hari ta sama.

Daga nan Mumme ya wuce jami'ar Valdosta State, sai jami'ar Kentucky a 1997, inda mai jifansa Tim Couch ya zama na farko da ƙungiyoyin ƙwararru suka zaɓa a 1999. Leach ya karɓi ƙungiyar jami'ar Texas Tech a 2000, kuma mai jifansa Kliff Kingsbury ne daga baya ya horar da Mahomes a can. Leach ya rasu a Disamban 2022, kwalejin Iowa Wesleyan kuma ta rufe a 2023 saboda matsin kuɗi.