Dokar farautar koyoti a Amurka: abin da ta bari a sake da abin da ta ɗaure

Wanda ya buɗe littafin ƙa'idojin farauta na jihar Texas zai tarar cewa koyoti, wani karen daji na Amurka, ba shi da lokacin hani, ba shi kuma da iyakar adadi. A harbe shi a kowane wata, ɗaya ko goma. Haka abin yake a yawancin jihohin yammacin Amurka, shi ya sa sababbin shiga ke ɗauka cewa babu wata doka a kansa. Akwai, kuma tana da yawa. Sai dai kusan dukkanta ba don kare koyotin aka rubuta ta ba. An rubuta ta ne saboda karen maƙwabci, da gaggafa, da barewa, da kyarkeci, da yaron da ya bi ta bayan gari, domin tarko ba ya tambayar ƙafar wa ta taka shi.

Koyoti ɗan'uwan dila ne, kuma kirarin malamin daji ya dace da shi. Nauyinsa yawanci kilo 9 zuwa 20, na gabashin ƙasar sun ɗan fi girma. Yana cin ɓera da zomo da 'ya'yan itace, amma idan ya saba da garke sai ya koma kan 'yan raguna da 'yan maruƙa, kuma a nan rikicinsa da makiyaya ya samo asali.

A tsarin Amurka namun daji amana ne a hannun gwamnatin jiha, ba mallakar mai gona ba. Kowace jiha da hukumarta da littafinta, kuma ana sabunta littafin kusan duk shekara, don haka na bara ba hujja ba ne a gaban jami'i. A mafi yawan jihohi lasisin harbi daban, na ɗana tarko daban, wasu ma sai an yi kwas kafin a ba da shi. Texas ta yi sassauci ɗaya: ba a buƙatar lasisin farauta idan koyotin yana kai wa dabbobin gida hari, ko yana shirin kaiwa, ko bai jima da kaiwa ba. Gonar wani kuwa sai da izininsa, kuma gara a rubuce. Manyan gandayen daji na ƙasa, irin su Yellowstone, babu farauta a cikinsu sam. Wanda ya karya dokar jiha sannan ya tsallaka iyaka da fatar zuwa wata jiha, ya faɗa hannun dokar tarayya ta Lacey ta 1900, laifin ya tashi daga ƙarami zuwa babba.

Inda ƙa'idojin suka fi yawa shi ne tarkon ƙarfe mai kama ƙafa. Farkon abin da jami'i zai auna shi ne faɗin bakinsa idan an ɗana. Pennsylvania ta tsaya a inci 6½, wato kimanin santimita 16.5. New York ta fi tsanani: a kan tudu kada ya wuce inci 5¾, kuma duk wanda ya haura inci 4 dole a rufe shi da ƙasa, a kuma sa masa abin daidaita nauyin faranti, wato ƙarfen da dabba ke takawa tarkon ya tashi. Tarko mai haƙora haramun ne a jihohin biyu. Dalilin iyakar a bayyane yake. Baki mai faɗi yana kama dabba can sama da tafin ƙafa, inda ƙashi ke karyewa, yana kuma riƙe manyan dabbobin da ƙaramin tarko zai saki.

Farantin nan da dabba ke takawa shi ne kunamar tarkon, kuma daidaita shi ya fi komai muhimmanci. Masu sana'ar kan ɗaure shi yadda sai an danna da nauyin da ya kai laba 4, kusan kilo 2, kafin ya tashi. Kyanwa ko zomo ko tsuntsu zai taka ya wuce lafiya. Koyoti kuwa sai ya ɗora nauyinsa sosai, don haka bakin ke kama shi daidai a kan tafi, ba a kan yatsu ba. Farantin da ya yi sako-sako yana tashi tun ƙafa ba ta zauna ba, ya cafki yatsa ɗaya ko biyu, dabbar ta fizge ta tafi da rauni, kuma ba za ta sake kusantar irin wannan wurin ba har abada. Nan doka da ƙwarewa suka haɗu a wuri ɗaya: abin da ke kare kyanwar maƙwabci shi ne ke hana koyoti kuɓucewa.

Sauran gyare-gyaren duk don rage rauni ne. Ana barin 'yar tazara ta kusan milimita 5 tsakanin leɓɓan tarkon idan ya rufe, don jini ya ci gaba da gudana a ƙafar. Ana ƙara kaurin leɓɓan da walda, ko a lulluɓe su da roba, don kada su yanka. Sarƙar ta zama gajera, a maƙala ta a tsakiyar gindin tarkon, da mahaɗai masu juyawa aƙalla biyu ko uku, saboda dabbar da aka kama zagaye take yi, kuma sarƙar da ta murɗe ta cije ita ke gocar da gaɓa. Turke ɗaya ba ya isa a ƙasa mai laushi. Koyoti yana tsalle sama ne, yana zaro turken kaɗan-kaɗan har ya fita, sai ya shiga daji da tarko a ƙafa. Maganinsa turaku biyu na rodi, kowanne inci 18 zuwa 24, a kafa su a gicciye, ko kuma anga mai waya da ake turawa cikin ƙasa. Yawancin waɗannan matakai sun fito ne daga gwaje-gwajen da ƙungiyar hukumomin namun daji na jihohi ta fara a ƙarshen shekarun 1990, bayan Tarayyar Turai ta kafa doka a 1991 cewa za ta rufe kasuwarta ga fatun dabbobi 13, ciki har da koyoti, daga ƙasashen da ba su gyara tarkunansu ba. Wasu jihohi sun mai da matakan doka, wasu sun bar su a matsayin shawara.

Kowane tarko dole ya ɗauki alamar mai shi, suna da adireshi ko lambar da hukuma ta ba shi, a kan ɗan ƙarfen da ba ya tsatsa. Sai batun zagayen dubawa, inda jihohi suka sha bamban ƙwarai. Da yawa sun ce kullum. Pennsylvania ta ba da awa 36, Utah 48, Idaho 72, Nevada har 96 a mafi yawan yankunanta, da hujjar nisan daji. Kwana huɗu da ƙafa a cikin ƙarfe ba abu ne da mai tausayi zai yarda da shi ba, ko da doka ta halatta. Ko ta fuskar riba ma asara ce: fatar tana lalacewa da taɓo da cizon sarƙa, kuma karen da za a iya saki lafiya da safe, bayan kwana uku sai asibitin dabbobi. Gogaggu da asuba suke fita, suna riƙe da sanda mai zarge a baki wadda ake danne wuyan dabbar da ba ita ake nema ba, a taka ƙarfen da ke matse bakin tarkon ya buɗe, a sake ta.

Zargen waya shi ma yana da nasa babin, kuma ƙa'idar Pennsylvania misali ce mai kyau don kowane sashe nata yana da dalili. Ba a fara amfani da shi sai 26 ga Disamba, kuma sai wanda ya yi kwas na musamman. Tsawon wayar kada ya wuce ƙafa 7, kimanin mita 2. Kewayen madaukin kada ya haura inci 38, don babbar dabba ba za ta zura kai ba, kuma akwai ɗan ƙarfen da ke hana shi tsukewa ƙasa da inci 8, yadda ƙafar barewa za ta zame ta fita. Makullin da ke tsuke madaukin ya zama mai sassautawa idan dabbar ta daina ja, shi ya sa kare da ya saba da igiya kan zauna kawai ya jira a zo. Akwai kuma ƙugiyar da ke buɗewa idan an ja ta da ƙarfin da bai wuce laba 375 ba, kusan kilo 170, don saniya ko barewa ta tsinke ta wuce. Gindin madaukin ya tsaya inci 6 zuwa 12 daga ƙasa. Sharaɗin da aka fi karyawa shi ne na wurin ɗanawa: kada a kafa shi inda dabbar za ta kai ga shinge ko ƙaramin icce. Da zarar ta nannaɗe wayar a jikin wani abu, makulli mai sassautawa ya tashi daga aiki, zargen riƙewa ya koma na shaƙewa.

Nama a fili kusa da tarko laifi ne a jihohi da dama. Montana da Idaho da Nevada sun ce a bar tazarar ƙafa 30, kimanin mita 9, tsakanin tarko da duk naman da ake iya hangowa daga sama. Gaggafa da ido take farauta, za ta sauka ta taka, kuma dokar tarayya ta 1940 tana kare ta ko da ba da gangan aka kama ta ba. Shi ya sa ake haƙa ɗan rami a karkace, zurfin inci 6 zuwa 8, a tura abin warin can ciki, a binne tarkon kamar inci 9 daga bakin ramin. Koyoti da hanci yake aiki, zai same shi. Tsuntsu ba zai gani ba.

Ga mai bindiga, babban haɗari shi ne ya ɗauki kyarkeci a matsayin koyoti. Bayan hukuncin wata kotun tarayya a Fabrairun 2022, kyarkeci ya koma ƙarƙashin dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1973 a yawancin jihohi, in ban da yankin Idaho da Montana da Wyoming da wasu sassan maƙwabtansu. A Disambar 2014 wani maharbi kusa da garin Beaver a Utah ya harbe wata macen kyarkeci mai ɗauke da na'urar bibiya a wuya, yana zaton koyoti ne. Ita ce ta farko da aka gani a yankin Grand Canyon cikin kusan shekara 70. Bambancin yana nan ga mai haƙurin dubawa: kyarkeci ya ninka koyoti nauyi, kansa faffaɗa, kunnuwansa gajeru masu zagaye, sawunsa inci 4 zuwa 5, na koyoti kuwa bai fi 2½ ba. Da dare ta cikin na'urar gani da zafin jiki, duk wannan ɓacewa yake. Saboda haka ne aka hana farautar koyoti da dare a gundumomi biyar na gabashin North Carolina, inda ragowar jan kyarkeci suke.

Guba da jirgin sama ba na kowa ba ne. Wata doka ta 1931 ce ta ba ma'aikatar noma ta tarayya ikon kashe dabbobi masu ɓarna, kuma har yau sashenta na wannan aiki yana kashe koyoti fiye da dubu 50 a shekara. Harbi daga jirgi laifi ne tun 1971, tarar da ta kai dala 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, sai ga mai izinin hukuma don kare dabbobin kiwo. A 1972 Shugaba Nixon ya hana zuba guba a filayen tarayya, daga baya aka dawo da wasu nau'o'in ƙarƙashin tsauraran sharuɗɗa. Ɗaya daga ciki ita ce na'urar M-44, wadda ke fesa gubar sayanayid a bakin dabbar da ta ja ta. A 2017 wata ta tashi kusa da wani gida a Pocatello, jihar Idaho, ta kashe kare ta kuma jikkata yaro ɗan shekara 14. Oregon ta haramta ta a 2019. Mai gona da ya zuba maganin ƙwari a mushe da kansa ya karya dokar tarayya, kuma galibi karnuka da gaggafa yake kashewa.

Wasu jihohi sun rufe ƙofar tarkon ƙarfe kusan gaba ɗaya ta hanyar ƙuri'ar jama'a: Colorado da Massachusetts a 1996, Kalifoniya a 1998, Washington a 2000. Colorado ta bar wa mai gona kwana 30 a shekara idan ya nuna cewa sauran hanyoyi sun gaza. New Mexico ta hana tarko da zarge da guba a filayen gwamnati daga Afrilun 2022, bayan wata karya ta mutu a zarge a gaban mai ita a 2018. Gasar wanda ya fi kashewa ma an hana ta a jihohi kusan goma, Kalifoniya ce ta fara a 2014.

Utah ta bi ta ɗaya ɓangaren. A 2012 ta fara biyan dala 50 kan kowane koyoti don kare barewa, da sharaɗin a yi rajista, a kawo fatar kai da kunnuwa biyu da muƙamuƙin ƙasa, a kuma faɗi inda aka kashe shi. Sai dai lada irin wannan ba ta cika rage yawansu ba. Lissafin da masana biyu na Jami'ar Kalifoniya suka yi a 1975 ya nuna cewa sai an kashe kashi 75 cikin ɗari duk shekara har fiye da shekara 50 kafin a ƙarar da su, domin idan sun ragu abinci yana wadata, 'ya'ya da yawa su rayu, baƙi kuma su cike gurbin cikin makonni. Yawancin ɓarnar garke aikin miji da mata ne masu riƙe da yankin, musamman a Afrilu da Mayu lokacin da suke ciyar da 'ya'ya biyar zuwa bakwai. Makiyayin da ke asarar raguna ya bi sawu daga inda aka yi ɓarnar zuwa kafar shingen da suke shigowa, ya ɗana a nan, ya cire waɗannan biyun. Idan lokacin ya faɗo a wajen kakar tarko ta jiharsa, sai ya fara neman takardar izinin kawar da dabba mai ɓarna daga hukumar namun daji kafin ya kafa turke ko ɗaya.