Sashe na 7 na Dokar Fansho: Dalilin da Ya Sa Ba a Miƙa wa Mai Ritaya Kuɗinsa Gaba Ɗaya

Tun da farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, da wuya a zauna a majalisar tsofaffin ma'aikata a Gombe, ko a Pantami ko a Jekadafari ko a Bolari, a tashi ba a taɓo maganar fansho ba. Saƙonnin murya suna ta yawo a WhatsApp, wani ya ce gwamnati ta ranci kuɗin fansho ta cinye, wani ya ce kasuwar hannun jari ta faɗi da dukiyar mutane, wani kuma ya rantse cewa duk wanda ya rasu, kamfani ne ke gadon abin da ya rage a asusunsa. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya ajiye aiki a wata ma'aikatar tarayya ya tare ni bayan sallar La'asar, ya ce, "Ɗana, kai da kake karanta takardun nan, kuɗin nan nawa ne ko ba nawa ba ne?" Na ce, "Baba, naku ne, sai dai doka ta tsara yadda za ku ɗiba." Wannan tsarin ne nake son warwarewa, domin yawancin fargabar daga rashin fahimtarsa take fitowa.

Dokar Gyaran Fansho ta fara aiki a 2004 zamanin Obasanjo, aka sake ta a 2014 zamanin Jonathan, kuma ta 2014 ɗin ce ake aiki da ita. Ma'aikaci yana zuba aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ba shi aiki yana zuba aƙalla kashi 10, duka a cikin asusun ajiyar ritaya mai ɗauke da sunansa. Ta shafi ma'aikatan tarayya da na kamfanoni masu zaman kansu, ban da sojoji da jami'an leƙen asiri da wasu alƙalai. Ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma kuwa dokar jiharsa ce ke hukunci a kansa, saboda haka kada ya ɗauki duk abin da ke nan ya ɗora wa kansa kai tsaye.

Inda gizo ke saƙa shi ne sashe na 7. Sashen ya ce idan mutum ya yi ritaya ko ya cika shekara 50, duk wanda ya zo daga baya cikin biyun, yana iya karɓar wani kaso a dunƙule, amma da sharaɗin cewa abin da ya rage zai isa a riƙa biyansa fansho wata-wata ko bayan wata uku-uku. A nan ne mutane ke tuntuɓe, domin lissafin daga fanshon wata yake farawa. Ana fara ware abin da zai ɗauki nauyin biyan wata, sannan a duba abin da za a iya sakar wa mutum a hannu. Dokar 2004 ta fito fili ta ce ragowar ta isa ta samar da aƙalla rabin albashin da mutum ya bar aiki a kai. Ta 2014 ta cire wannan adadi daga nassinta, ta bar wa Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, ta tsara ƙa'idar. Abubuwa huɗu ne ke shiga lissafin: yawan kuɗin da ke asusu, shekarun mutum, namiji ne ko mace, da albashinsa na ƙarshe.

Shi ya sa mutum biyu za su yi ritaya rana ɗaya da kuɗi iri ɗaya a asusu, amma abin da kowa zai karɓa a dunƙule ya bambanta. A misali, a ce kowannensu yana da naira miliyan 12. Wanda aka yi wa ƙarin girma dab da ritaya, albashinsa na ƙarshe ya yi sama, dole a ware masa kuɗi mai yawa don fanshonsa na wata ya yi kusa da matsayinsa, sai abin hannunsa ya ragu. Wanda ya bar aiki yana da shekara 52 ma haka, domin ana sa ran zai daɗe yana karɓa fiye da mai 65. Idan suka haɗu a majalisa suka gwada takardu, ɗaya zai tashi da yaƙinin an cuce shi, alhali ma'auni ɗaya aka auna su da shi.

Kashi 25 cikin ɗari da ake yawan ambata a matsayin kason dunƙule kuwa, a nassin doka yana cikin wani ƙaramin sashe ne daban, kuma ya shafi wanda ya rasa aiki ko ya bari tun bai kai shekara 50 ba. Irin wannan mutum, idan ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba, yana iya neman abin da bai wuce kashi 25 na asusunsa ba, sauran kuma ya jira. Sakin layin da ya yi magana a kan mai cikakkiyar ritaya bai ambaci wani kaso ba ko kaɗan. An sha kai ƙudiri Majalisar Tarayya don a ɗaga kason dunƙule zuwa 75, kuma duk lokacin da labarin ya fito sai a yaɗa shi kamar an riga an zartar, alhali ƙudiri ba ya zama doka sai ya kammala dukkan matakansa.

Akwai waɗanda ake ba kuɗinsu duka, su ne masu ƙaramin asusu. Ƙa'idar PenCom ta ce idan abin da ke asusun ba zai samar da fanshon da ya kai kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi ba, mutum yana iya karɓe shi gaba ɗaya. Da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, wannan ma'auni ya koma naira 23,333 a wata. Wanda ya ga an ba abokinsa komai shi kuma an hana shi, ya fara duba nan kafin ya zargi kowa da son kai.

Ragowar kuɗin tana da hanya biyu, kuma a nan ne jita-jitar gado ta samo asali. Hanya ta farko ita ce a bar kuɗin a asusu, kamfanin fansho ya ci gaba da juya shi yana biyan mai shi kaɗan-kaɗan. Idan mutum ya rasu, duk abin da ya rage na magadansa ne, ana biyansu bayan sun kawo takardar kotu. Sunan da mutum ya rubuta a matsayin na kusa da shi ba ya mayar da wannan mutumin magaji shi kaɗai, rabon gado yana nan yadda shari'a ta tsara. Hanya ta biyu ita ce a miƙa kuɗin ga kamfanin inshorar rai, shi kuma ya ɗauki alkawarin biyan mutum har ƙarshen rayuwarsa, ko da ya kai shekara ɗari. A wannan hanya akwai lamunin shekara 10: idan mutum ya rasu a cikinsu, ana biyan magada ragowar shekarun, idan kuwa ya wuce su, babu abin da ya saura na gado. Saboda haka maganar cewa kamfani na cinye kuɗin mamaci tana da ɗan tushe a hanya ta biyu, amma ƙarya ce a ta farko. Wanda ke kan ta farko yana iya komawa ta biyu daga baya, wanda ya shiga ta biyu kuwa ba ya dawowa.

Game da faɗuwar kasuwa, tun watan Yulin 2018 aka raba kuɗin fansho gida-gida gwargwadon shekaru. Kuɗin masu ritaya yana Asusu na Huɗu, wanda a tsarin da aka fara da shi ba a yarda a sa fiye da kashi 10 nasa a hannun jari da makamantansu masu hawa da sauka ba. Mafi yawansa yana cikin takardun bashin gwamnati da ajiyar banki, don haka idan kasuwar hannun jari ta Legas ta girgiza, ɗan gefe kawai take taɓawa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kuɗin ruwa ba, tun 2021 akwai Asusu na Shida da ake juyawa ta hanyoyin da ba ruwa irin su sukuk, kuma mai ritaya yana da damar neman a mayar da shi can. Batun rancen gwamnati gaskiya ne ta wata fuska, domin fiye da rabin dukiyar fansho, wadda ta haura naira tiriliyan 20 a 2024, tana cikin takardun bashin Gwamnatin Tarayya. Sai dai sayen takardar aka yi a kasuwa kamar yadda bankuna ke saya, ana kuma biyan riba a kanta. Jinkirin da tsofaffin ma'aikatan tarayya suka sha fama da shi daga wani wuri ya fito, wato haƙƙinsu na shekarun da suka yi aiki kafin 2004, wanda gwamnati ce ke biyansa daga aljihunta kuma ta riƙa makara. Don cike irin wannan giɓi ne aka amince da takardar bashi ta naira biliyan 758 a 2025.

Dokar ba ta yi sako-sako da hukunci ba. Kamfanin da ke juya kuɗin ba shi ke riƙe da shi ba, akwai wani kamfanin ajiya daban, kuma ko ɗayansu ya durƙushe ba a biyan masu binsa bashi da kuɗin 'yan fansho. Wanda aka kama da karkatar da kuɗin yana fuskantar ɗaurin aƙalla shekara 10, ko tarar ninki uku na abin da ya ɗauka, ko duka biyun. Mai ba da aiki da ya cire kason ma'aikaci bai zuba ba cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, tararsa ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin a kowane wata ba. A ganina wannan tara ta fi kowace muhimmanci ga talakan ma'aikaci, domin asusun da aka yi shekaru ana zuba masa da tsallake ba zai haifar da fanshon kirki ba komai kyan lissafi.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, kukan dattawan nan yana da hujja, sai dai sun ɗora laifin a inda ba nan yake ba. Dokar ta yi katanga tsakaninsu da ɓarawo da faɗuwar kasuwa, amma ta bar ƙofa a buɗe ga tsadar rayuwa. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Fanshon da aka yanke wa mutum a 2019 yana nan a takarda, amma abin da yake sayowa a kasuwar Tudun Hatsi ya zama abin tausayi, ga kuɗin magani ga na makarantar jikoki. Masu hanya ta farko sukan sami ɗan ƙari lokaci-lokaci daga ribar asusu, an fara hakan a 2017, amma ƙarin bai kama ƙafar farashi ba. Mafi ƙarancin fanshon da sashe na 84 ya yi alkawari kuwa ya shafe shekaru yana jiran aiwatarwa. Da wuya ka gamsar da mutumin da ke ganin miliyoyi a saƙon wayarsa, gidansa kuma babu buhun masara, cewa ana tsare masa gobe.

Hujjar masu dokar ita ce kuɗin dunƙule ba ya daɗewa a hannu, kuma duk wanda ya zauna cikin mutane ya san akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ranar da labari ya fita cewa an biya Malam, ranar 'yan'uwa ke tuno hanyar gidansa, ga aurar da 'ya'ya, ga ginin da ya tsaya a linta, ga mai kawo shawarar kasuwancin da zai ninka kuɗi cikin wata guda. Harkar ninka kuɗi ta MMM ta tafi da dukiyar mutane a 2016, irinta mai suna CBEX ta maimaita a Afrilun 2025. Hatta ajiyar banki tana da iyaka, domin inshorar ajiya ta NDIC naira miliyan 5 take lamunce wa kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, abin da ya haura sai an sayar da kadarorin bankin, kamar yadda masu ajiya a bankin Heritage suka gani bayan soke lasisinsa a 2024. Masu sayen hatsi da kaka su ajiye ma sun ga yadda farashi ke iya juyawa ƙasa.

Abin da na gaya wa dattijon nan shi ne kada ya sa hannu a takardar amincewa sai kamfaninsa ya nuna masa lissafin a rubuce: nawa ne a dunƙule, nawa ne a wata idan ya bar kuɗin a asusu, nawa kuma kamfanin inshora ya yi tayi. Ya tabbatar ranar haihuwarsa da albashinsa na ƙarshe daidai suke a takarda, domin kuskure a ɗayansu yana sauya sakamakon duka. Idan bai gamsu da kamfanin ba, doka ta ba shi damar sauya shi sau ɗaya a shekara, an kuma buɗe wannan ƙofa tun Nuwamban 2020. Idan ƙorafi ne, ofishin PenCom na shiyyar Arewa maso Gabas yana nan cikin garin Gombe.