Tsukakken Nono: Yadda Ake Gane Shi da Abin da Tiyata Ke Iya Gyarawa

Yarinya takan fara ƙirgar dangi ne tsakanin shekara 8 zuwa 13. Ɗan ƙulli ne ke fara tasowa a ƙarƙashin kan nono, daga nan gindin nonon ya riƙa buɗewa ta ko'ina har ya cika. Amma akwai matan da nasu bai bi wannan hanya ba. Gindin ya tsuke ya ƙi buɗewa, naman nonon ya rasa inda zai bazu, sai ya turo gaba ya zubo siriri. Da yawa sun girma a haka ba su taɓa faɗa wa kowa ba. Suna cusa tsumma a rigar mama, suna gudun canza kaya gaban ƙawaye a makarantar kwana, in an sa ranar aure kuma barci ya ƙaurace musu.

'Yar'uwa, abin nan yana da suna a asibiti. Likitoci na ce masa tubaros, daga kalmar da ke nufin saiwa irin ta rogo ko dankali, saboda kamannin da yake yi. Wasu likitocin fiɗa biyu a Amurka, Rees da Aston, su suka fara bayyana shi a rubuce a 1976. Mu a nan za mu ce masa tsukakken nono.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne akwai wata tantani mai tauri da ta zagaye nonon kamar an ɗaure bakin buhu da igiya. Lokacin girma ta ƙi saki, musamman ta ƙasa. Fatar baƙin da ke kewaye da kan nono kuwa mai laushi ce, sai naman ya bi ta nan ya kumburo ta. Halitta ce da ake haifar mutum da ita, sai a balaga take bayyana. Ba ɗaure ƙirji ne ya jawo ba, ba kwanciya ruf da ciki ba, ba sammu ba ne, kuma ko kaɗan ba alama ce ta cewa yarinya ta san namiji ba. Wannan zargin na ƙarshe shi ya fi ciwo, don an sha ganin uwa ta tsare 'yarta da tambaya saboda ta ga nonon ya zube tun bai cika ba. Iyaye mata, ku ji tsoron Allah a kan wannan. Haka nan ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma rikiɗewa ya zama shi.

Yadda za ki duba

Ki tsaya gaban madubi a ɗaki mai haske, hannuwa a sake a gefe. Fara da gindin nono, wato inda ya haɗu da ƙirji. A nono gama-gari nan ne ya fi faɗi. A tsukakke kuwa gindin da tsakiyar kusan faɗinsu ɗaya. Sai ki ɗaga nonon ki dubi lanƙwasar da ke ƙarƙashinsa: za ki ga ta hau sama, tazarar da ke tsakaninta da kan nono gajera ce, fatar wurin a ɗame, babu cika. Shi ya sa kan nonon ke kallon ƙasa ko da nonon ƙarami ne. Baƙin kewayen ya yi faɗi fiye da girman nonon, ya yi tudu kamar an ɗora ƙaramin nono a kan wani. Tsakanin nonon biyu fili ne, sau da yawa ya haura santimita 4 idan aka auna da tef ɗin tela. Kuma galibi ɗaya ya fi ɗaya girma a fili, wani lokacin ma gefe ɗaya ne kawai abin ya shafa.

Ba dole duk alamomin su haɗu ba, kuma tsananin ya bambanta. Wani likita ɗan Faransa, Grolleau, da abokan aikinsa sun kasa shi gida uku a 1999. A na farko, ƙasan nono ta ɓangaren tsakiyar ƙirji ne kawai bai cika ba, mai shi ma ba lallai ta lura ba. A na biyu duk rabin ƙasa ne ya gaza. A na uku tsukewar ta kama sama da ƙasa gaba ɗaya. Wannan rabe-raben ne ke nuna wa likita irin aikin da ya dace.

Ƙaramin nono mai kewayayyen gindi ba tsukakken nono ba ne. Nonon da ya kwanta bayan shayar da 'ya'ya ba shi ba ne. Ɗan bambancin girma tsakanin dama da hagu kuwa kusan kowace mace na da shi. Sai dai ki riƙe wannan da kyau: tsukakken nono tun tasowa yake a haka. Idan nononki lafiya lau yake sai daga baya ya canza kama, ko kin ji ƙulli, ko fata ta loɓa, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita, wannan wata magana ce daban. Ki tafi asibiti cikin makon nan, kada ki jira.

Maganar shayarwa ta fi komai

A wurinmu ma'aikatan lafiya, nan ne abin ya fi damun mu, fiye da kamanni. Wasu masu tsukakken nono suna shayarwa ba tare da wata matsala ba. Wasu kuma naman da ke haɗa ruwan nono bai wadata a jikinsu ba, duk ƙoƙarin da suka yi ruwan ba zai ishi jariri ba. Alamar farko takan fito tun da ciki: nono bai ƙara girma ba, bai yi nauyi ba. Bayan haihuwa kuma kwana 3 zuwa 5 suka wuce bai cika ya yi tam ba.

Don haka ki faɗa wa ungozoma tun a wurin awo, ki bari ta duba. Bayan haihuwa a sa jariri a nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, sannan a sa ido. Daga kwana na 5 ya kamata ya jiƙa ƙyallensa aƙalla sau 6 a awa 24, fitsarin garai-garai, kashinsa ya tashi daga baƙi ya koma ruwan ɗorawa. A ɗora shi a sikeli. Jaririn da aka haifa da kilo 3, idan ya sauko ƙasa da kilo 2.7 ya zubar da fiye da kashi 10 cikin 100, wannan ya wuce misali. Zuwa kwana 14 ya kamata ya dawo nauyin haihuwarsa. Jaririn da ya daina kuka ya koma barci kawai, leɓensa a bushe, maɗigarsa ta loɓa, kada a ce mai haƙuri ne. Ƙishirwa ce ke cin sa, a kai shi asibiti nan take.

Idan an tabbatar ruwan bai isa ba, ba a cire yaro daga nono. Yana fara shan na uwarsa, sannan a cika masa da madarar jarirai bisa awon da ma'aikacin lafiya ya tsara, da ɗan kofi mai tsabta. Ba ruwan dabino ba, ba nonon shanu ba, ba koko ba. Hulba da kunun kanwa ba sa ƙirƙiro naman da babu shi tun asali, kanwa mai yawa ma nauyi take ɗora wa zuciyar mai jego. Uwar miji da kakanni su sassauta harshe, yarinyar nan ba rowa take yi ba, ba kuma lalaci ba ne.

Man shafawa da ƙwayoyi

A kasuwa da shafukan Facebook da TikTok ana tallar man ƙara nono, da sabulu, da kofin zuƙo. Babu ɗayansu da ke tsinka tantanin da ta ɗaure gindin. Ƙwayoyin sha-ka-fashe suna kumbura fuska da ciki, su jawo ciwon suga da hawan jini, nono kuma yana nan yadda yake. Mafi muni shi ne allurar cika nono da ake yi a ɗaki ko a shagon kwalliya. Ruwan da ake ɗurawa yana daskarewa ya zama ƙulle-ƙulle, ya yi ruɓa, wani lokacin sai an yanke nonon gaba ɗaya.

Abin da tiyata ke yi

Tiyata ba dole ba ce. Macen da abin bai dame ta ba, babu abin da zai same ta don ta zauna haka. Wadda ya hana sukuni kuma tana da ikon neman gyara. Masu tambayar hukunci su sani malamai suna bambanta gyaran naƙasa da ƙarin kwalliya, suna kafa hujja da sahabin nan Arfaja ɗan As'ad da aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya. Ki kai wa malamin da kika yarda da shi bayanin likita ya duba miki.

Ana jira sai nono ya gama girma, yawanci daga shekara 18. Mai shayarwa ta bari sai ta yaye da kamar wata 6. Aikin kan ɗauki awa 2 zuwa 3, ana sa barci gaba ɗaya.

Likita yakan yanka ta gefen baƙin kewaye, inda tabo zai ɓuya. Matakin da ya fi kowane muhimmanci shi ne sakin ɗaurin: ana tsattsaga tantanin daga ciki, ana bi da tsagar daga tsakiya zuwa gefe kamar ƙarafan tayar keke, har naman ya buɗe. Sai a baza shi ya sauko ya cika ƙasa, a sauke lanƙwasar zuwa inda ya kamata ta zauna. Daga nan a rage faɗin baƙin kewayen ta hanyar cire zoben fata, a zagaye shi da zare mai ƙarfi a tsuke kamar bakin jaka.

Idan naman ya isa, a nan aka gama. Idan bai isa ba, hanya biyu ce. Ta farko a saka jakar silikon ko ta ruwan gishiri a bayan naman nono, galibi samanta na ƙarƙashin tsokar ƙirji. Ta biyu a zuƙo kitsen matar daga ciki ko cinya, a tace, a ɗura kaɗan-kaɗan, ana huda tantanin da allura don ya saki. Kitse nata ne, jiki ba ya ƙin sa, amma wani kaso yana narkewa, shi ya sa akan maimaita sau 2 ko 3, da tazarar kamar wata 3. Siririyar mace ba lallai ta samu kitsen da zai isa ba. A nau'i na uku, inda fata ta yi ƙaranci ƙwarai, akan fara sa wata jaka da ake ƙara wa ruwa a hankali tsawon makonni har fata ta miƙe, sannan a dawo a musanya ta da ta dindindin.

Inda ake samun matsala

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka ƙaramin nono ne kawai, a tura silikon ba a saki ɗaurin ba. Sai tsohuwar lanƙwasa ta fito kamar an ja layi a tsakiyar nono, tudu biyu, ɗaya bisa ɗaya, baƙin kewayen kuma ya ƙara turowa. Gyaran wannan ya fi aikin farko wuya.

Ko a hannun ƙwararre, jini na iya taruwa a kwanakin farko, ƙwayoyin cuta na iya shiga har sai an cire jakar. Jiki kan yi wa jaka kube, wani lokacin kuben ya taurare ya matse ta, nono ya yi tauri da zafi. Baƙin kewaye na iya sake faɗaɗa. Jin kan nono na iya raguwa. Mu masu baƙar fata kuma mun fi saurin yin tabon nan mai tsiro. Idan hujin kunnenki ko wani tsohon rauni ya taɓa yin tudu, ki nuna wa likita tun kafin a sa rana. Jakar silikon ba ta har abada ba ce, wata rana za a iya buƙatar canza ta, kuma hukumar magunguna ta Amurka na ba da shawarar a yi hoton nono bayan shekara 5 zuwa 6, sannan duk shekara 2 zuwa 3. Wata irin jaka mai kaushin baya an danganta ta da wani nau'in ciwon daji da ba kasafai ake samun sa ba, har aka janye wasu na kamfanin Allergan daga kasuwa a 2019. Ki tambayi wace iri za a sa miki, ki karɓi katinta ki adana.

Tiyata ba ta ƙara ruwan nono. Yankan da aka yi ta gefen baƙin kewaye ma na iya taɓa hanyoyin ruwan. Wadda ba ta gama haihuwa ba ta faɗa wa likita ƙarara.

Bayan aiki za ki sa rigar mama marar ƙarfe dare da rana kamar mako 6. Ba daka, ba jan ruwa a rijiya, ba goyo, ba ɗaukar bokiti. Ki tanadi mai taimaka miki tun kafin ki kwanta. Kumburi na sauka a hankali, kamannin gaskiya sai bayan wata 6 zuwa shekara. Zazzaɓi, ko gefe ɗaya ya kumbura farat ɗaya, ko kan nono ya canza launi ya yi sanyi, a koma asibiti a daren.

A Kaduna, ki fara da ganin likita a babban asibiti, kamar Barau Dikko, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ko Gwamna Awan a Kakuri, ki nemi takardar tura ki wurin likitan gyaran jiki. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da wannan sashe. Kina iya neman ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ke lokacin dubawa. A asibitin kuɗi, ki tabbatar likitan na da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, kuma ƙwarewarsa a gyaran jiki take. Ki tambaye shi ko ya taɓa gyara irin wannan nonon, wa zai sa miki barci, aiki nawa za a yi, kuma kuɗin da ya faɗa ya haɗa da zagaye na biyu ko a'a, a rubuta miki. Ki tafi da sakamakon gwajin jininki na sikila, ki faɗi in kina da suga ko hawan jini, ki lissafa duk abin da kike sha har da na gargajiya. Mai shan sigari ko shisha kuma ta daina aƙalla mako 4 kafin ranar aiki, don hayaƙi na tsuke jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan nono.