Haɗuran ƙananan jiragen sama da duba lafiyarsu

Ƙaramin jirgin sama, a ma'aunin da hukumomin sufurin sama suka fi amfani da shi, shi ne wanda nauyinsa da kaya bai wuce kilo 5,700 ba. Yawancinsu inji ɗaya ko biyu gare su, ana kuma amfani da su wajen koyar da tuƙi, shata filaye, feshin gona da ɗaukar marasa lafiya.

Tarihi a Kano

Jiragen da suka fara sauka a Kano ƙanana ne. A farkon Nuwamba 1925 jirage uku na rundunar saman Ingila, ƙirar DH.9A masu inji ɗaya da mazaunin mutum biyu, suka iso daga Helwan ta ƙasar Masar, suka sauka a filin sukuwa. Wasu na cewa sun yada zango a Maiduguri kafin nan. Wajen 1936 aka fara zirga-zirga a filin jirgin saman da yanzu ake kira Malam Aminu Kano, wanda ya fi kowane daɗewa a Najeriya.

Haɗuran da Kanawa suka fi tunawa kuwa na manyan jirage ne. A Yunin 1956 jirgin kamfanin BOAC na Ingila ya bugi bishiya yana tashi cikin hadarin ruwan sama, mutum 32 suka mutu. A ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka, aka rasa rai 176. Sai jirgin kamfanin EAS da ya afka unguwar Gwammaja a ranar 4 ga Mayu 2002, wanda ministan wasanni Ishaya Mark Aku ke ciki. An saɓa a kan adadin mamatan, amma ya haura ɗari. Bayansa ne gwamnati ta hana shigo da jiragen fasinja da suka wuce shekara 22.

Haɗarin ƙaramin jirgi da aka fi sani a Arewa shi ne na gwamnan Taraba na lokacin, Danbaba Suntai, kusa da Yola a Oktoban 2012.

Musabbabi

Kuskuren matuƙi da rashin kyawun yanayi sun fi yawa. Matsalar inji tana biye, kuma ita ce ta fi sauƙin karewa tun jirgi yana ƙasa. Yanayin Kano ba ya yi wa ƙaramin inji rangwame: ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, tana cin sassan ciki a hankali, zafin bazara kuma yana rage wa inji ƙarfi har jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Mai inji ɗaya ba shi da na biyun da zai riƙe shi.

Dubawar dole

A ƙasashe da dama doka ta wajabta cikakkiyar dubawa sau ɗaya a shekara, da wata bayan kowace awa 100 ta tashi ga jirgin haya ko na koyarwa. Injin fistan, wato irin na mota, da yawa ana kwance su gaba ɗaya bayan kimanin awa 2,000. Duk aikin da aka yi sai an rubuta shi a littafin jirgin, injiniya mai lasisi ya sa hannu kafin a bar jirgin ya tashi. Kafin kowane tashi matuƙi yana zagaya jirgin, ya tsiyayi ɗan mai daga ƙasan tanki don ganin ko ruwa ya kwanta, aikin minti kaɗan da bai kamata a tsallake ba.

A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke ba da takardar shaidar lafiyar jirgi, hukumar NSIB kuma ke binciken haɗari. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, da aka kafa a 1964, tana horar da injiniyoyi.