Gidan Gajiyayyu na Dunning

Dunning shi ne sunan da aka fi sanin gidan gajiyayyu na gundumar Cook da shi, a arewa maso yammacin birnin Shikago, jihar Illinois ta Amurka. Unguwar da ke kewaye da wurin ma da wannan suna ake kiranta har yau.

Tarihi

A 1851 hukumar gundumar ta sayi fili eka 160 a yankin Jefferson, wanda a lokacin karkara ce nesa da gari. Wajajen 1854 aka fara kwaso mutane: tsofaffi marasa galihu, marayu, naƙasassu, mashaya da masu taɓin hankali, duk a wuri ɗaya. Tsarin shi ne mai sauran ƙarfi ya yi noma a gonar gidan, a ci daga abin da aka girbe, don a rage wa gunduma kashe kuɗi. A 1870 aka gina wa masu taɓin hankali nasu ginin daban, daga baya aka ƙara sashen masu tarin fuka.

Sunan ya fito ne daga iyalin Dunning, masu fili a maƙwabta. Da layin dogo ya iso wajajen 1882 sai tashar ta ɗauki sunansu. Jirgin da ke kawo marasa lafiya kuwa mutanen gari suka laƙaba masa "jirgin mahaukata", iyaye kuma sukan tsorata yaro mai ƙiriniya da cewa za a kai shi Dunning.

Jaridun zamanin sun sha kawo labarin cunkoso, bugun marasa lafiya da ma'aikatan da 'yan siyasa suka cusa. Wajajen 1910 aka mayar da gajiyayyun zuwa garin Oak Forest, sannan a 1912 jihar ta karɓi asibitin masu taɓin hankalin a kan dala ɗaya.

Maƙabarta

Nan gunduma ta riƙa binne wanda ya mutu ba mai ɗaukar gawarsa, har da wasu daga cikin waɗanda gobarar Shikago ta 1871 ta halaka ba a gane su ba. Ana ƙiyasta gawa kusan 38,000. Alamomin kaburburan sun ɓace, aka manta da su, sai a 1989 da magina suka tono ƙasusuwa suna haƙa harsashin gidaje. Bayan haka ne aka keɓe wani ɗan fili don tunawa da mamatan.

A yau

Akwai gidaje, kantuna, kwalejin Wright da cibiyar kula da masu taɓin hankali ta Chicago-Read a tsohon filin.